Gargaɗi Ga Ƙasar Gumel: Kada A Kafa Wa Bindiga Teburi A Bayan Gari

Duk mai riƙe da babbar waya a yau, a Sule Tankarkar yake ko a Danzomo ko a Jeke, yana iya cin karo da wani irin bidiyo da ke yawo a Facebook da TikTok da YouTube. Za ka ga mutum a gonarsa can Amurka ya jibge katako masu kauri, ya yanka, ya harhaɗa, ya dasa ƙafafu cikin siminti, ya fito da teburi mai nauyi wanda ko girgiza ba ya yi. Sai ya zauna, ya ɗora bindiga a kan 'yar jakar yashi, ya saita wani allo can nesa, ya taɓa kunama, harsashi ya huda tsakiyar allon. Abin na da ban sha'awa, kayansa ba su da tsada, kuma babu kafinta ko mai walda a ƙasar Gumel da zai kasa fitar da irinsa kafin la'asar.

Sauƙin nan shi ne abin tsoron. Don haka nake kira ga mutanen Sule Tankarkar da Gumel da Maigatari da Gagarawa, musamman samari da 'yan sintiri da mafarauta da masu sana'ar hannu: kada kowa ya kafa wurin gwajin harbi na ƙashin kansa a gona ko a bayan gari, da teburi ko babu teburi. Kada kafinta ya karɓi aikin. Kada mai gona ya ba da fili. Kada bulama ya gani ya kau da kai. Yanzu da abin bai zama yayi ba, maganar dattijo ɗaya ta isa ta kashe shi. In aka bari kowane ƙauye ya yi nasa, soja ma sai sun sha wuya.

Inda harsashi ke sauka

Mai ɗaukar bidiyo teburinsa yake nunawa, don shi ne abin alfaharinsa. Amma abin da ke tsare rayukan maƙwabtansa yana bayan allon da yake harbi. A filin harbin da aka tsara bisa ƙa'ida, akan tara tudun ƙasa mai tsawon kimanin mita 6 a bayan allo, a yi wasu a gefe da gefe, sannan a bar fili mai nisa a bayan tudun wanda ba a noma, ba a kiwo, ba a ratsawa. A filayen soja wannan hurumin yakan kai kilomitoci, ana kafa jar tuta ranar atisaye, kuma akwai jami'in da in ya ce a tsaya, kowa sai ya sauke bindiga. Duk wannan wahalar ana shan ta ne saboda gaskiya guda: ko gwani yana kuskure, kuma harsashin da ya kuskure allo ba ya dawowa hannun mai shi.

A duba nisan da yake yi. Harsashin bindiga ƙirar AK-47 yana fita da gudun kimanin mita 700 a daƙiƙa ɗaya, ninki biyu ke nan na gudun sauti, wato yana isa ga mutum kafin ƙarar ta iso kunnensa. In bakin bindigar ya ɗan ɗaga sama, yana iya wuce kilomita 2 kafin ya faɗo, kuma yana faɗowa da sauran ƙarfin da zai yi kisa. Ƙaramin harsashin nan mai lamba .22, wanda wasu ke rainawa suna cewa na harbin tsuntsu ne, yana tafiyar da ta haura kilomita ɗaya da rabi. Ƙananan ƙwayoyin bindigar farauta suna kai mita 200 zuwa 300, manyan kuma su zarce haka. Ita kanta bindigar toka da ake ɗura wa albarushi ta baki, abin da aka cusa mata yana cin ɗaruruwan mita.

Yanzu a ɗora wannan lissafin a kan ƙasarmu. Daga Gumel zuwa iyakar Nijar shimfiɗaɗɗen rairayi ne, sai 'yan jigayi marasa tsawo. Babu dutse, babu tsauni, babu kwazazzabon da zai haɗiye harsashi. Da damina gero da dawa suna rufe ido, mai harbi ba ya ganin wanda ke duƙe yana noma a gona ta uku. Da kaka ana cikin gonaki ana yankan riɗi, ana tsinkar zoɓo, ana roron wake. Da rani fili ya buɗe, amma a lokacin ne hazo ke sauka, mutum ya kasa bambance saniya da kututture a ɗan taƙi kaɗan. Kuma ƙauyukanmu a kusa da juna suke. Tsaya a kowace gona ka miƙa hannu ta kowace fuska, ka tambayi kanka: cikin kilomita 2 ta nan, babu rijiya? Babu burtali? Babu rugar Fulani, ko makarantar allo, ko hanyar da amalanke ke bi ranar kasuwa? Da wuya ka samu fuskar da amsarta za ta kwantar maka da hankali.

Wani zai ce ai zai jingina allon da kuka ko gawo, ko ya tara buhunan yashi, ko ya sa tsohuwar ganga. Itace faɗinsa kamu nawa ne? Harsashin da ya goce da ɗan yatsa a bakin bindiga, kafin ya yi mita 100 ya kauce wa itacen gaba ɗaya. Ƙarfe kuwa ya fi komai sharri, domin harsashi na dukansa ya yi tsalle ya nufi inda ba wanda ya zata, har da komowa kan mai harbin. Yana kuma iya tsalle daga ƙasa in ya same ta a kwance, haka ma daga saman ruwan tafki. A ɗaya ɓangaren, me ke tsakaninsa da mutane? Dangar kara, zana, kwanon rufi, ƙofar langa-langa. Ko bulon siminti mai rami ba abin dogaro ba ne a gaban harsashin babbar bindiga. Matar da ke surfe a tsakar gidanta ba ta san ana gwaji ba, ba a nemi izininta ba, ba ta kuma da wurin ɓuya.

Bindigar ma ba ta san mai ita ba

Mafi yawan bindigogin da ke hannun talaka a yankinmu ƙirar gida ne: adaka, baushe, harba-ka-ruga da ire-irensu. Ba ina rage wa maƙeranmu daraja ba ne, hannunsu ya ciyar da ƙasar nan da garma da lauje da gatari tun kaka da kakanni. Amma bututun bindiga wani abu ne daban. A wasu ƙasashen da ke ƙera makamai, ba a sayar da bindiga sai an gwada bututunta da harsashin da ya fi na yau da kullum ƙarfi, a cikin ɗaki mai kariya, sannan a buga mata hatimi. A birnin Bamingam na Ingila tun 1813 aka kafa gidan wannan gwaji da dokar majalisa, kuma har yau yana aiki. An yi haka ne domin bututun da bai cika inganci ba yana tarwatsewa a hannun mai harbi, ya tafi da yatsu ko ido. Bindigar da aka ƙera a ɓoye a bayan gida, hannun mai sayenta ne gidan gwajinta.

Maharbin gargajiya yana iya kwana a daji ya yi harbi ɗaya ko biyu. Wurin gwaji kuwa an kafa shi ne don a yi ta harbi. Kowane harbi yana ƙara wa ƙarfen gajiya, tsagar da ido bai gani ba tana ƙara buɗewa. Ga kuma gasa: samari sun taru, kowa na so tasa ta fi ƙara, ta fi nisa, sai a ƙara albarushi fiye da kima. Teburin da aka ce don natsuwa aka yi shi, shi ke sa mutum ya kwantar da kuncinsa a jikin bindiga, abokansa kuma su kewaye shi suna ɗaukar bidiyo. Ranar da ta fashe, ba mutum ɗaya za a kwasa ba.

Akwai illolin da ba sa zubar da jini, don haka ba a kula su. Ƙarar bindiga tana haura desibel 140, matakin da harbi ɗaya ke iya lalata ji har abada. Sai kuma dalma. Yawancin harsasai da ƙwayoyin bindigar farauta da dalma ake yin su, kuma wurin da ake yawan harbi dalmar na taruwa a ƙasarsa. Yara za su je tsintar ƙwanso da guntayen ƙarfe su sayar wa 'yan gwangwan, su sa hannu a baka. Kaji da awaki za su yi kiwo a wurin, damina ta zo a shuka gero a kai. Arewa ta riga ta ga aikin dalma: a 2010, a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da Bagega da 'Yargalma, gubar dalmar da ta fito daga dutsen zinariya ta kashe yara aƙalla 400. Filin harbi ɗaya ba zai kai wannan ba, amma likitoci sun tabbatar babu wani adadin dalma da za a ce ba ya cutar da ƙwaƙwalwar yaro.

Sai babbar fitina, gwajin maganin bindiga. Jaridun ƙasar nan sun sha kawo labarin wanda ya sha rubutu ko ya ɗaura laya, ya ce a harbe shi a gani, aka harbe shi ya mutu, wanda ya harba ya ƙare a hannun 'yan sanda, sau da yawa ɗan'uwansa ne ko amininsa. Duk inda aka tara samari da bindiga da 'yan kallo, ba a daɗewa wani zai miƙe ya bugi ƙirji ya ce shi ƙarfe ba ya cin sa.

Abin da doka ta ce

Ba'amurken da ke cikin bidiyon yana da kariyar tsarin mulkin ƙasarsa, wanda tun 1791 ya ba ɗan ƙasa 'yancin mallakar makami. Duk da haka, a 2021 kaɗai bindiga ta kashe mutum fiye da 48,000 a Amurka, fiye da rabinsu su suka harbe kansu. Mu kuma dokarmu daban take. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa makamai gida uku. Rukunin farko haramtattu ne, ciki har da bindigogin soja da masu sarrafa kansu da ƙananan bindigogin hannu, kuma Shugaban Ƙasa kaɗai ke iya ba da lasisinsu. Na biyu su ne irin bindigogin farauta na kamfani, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku bindigogin da ake ɗurawa ta baki, su kuma Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke da iko a kansu. Dokar ta hana ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi, ta kuma hana ƙera bindiga ko gyara ta ba tare da izini ba. Wanda aka kama da haramtacciyar bindiga babu lasisi, ɗaurin da ke jiransa bai gaza shekara 10 ba.

A watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da bayar da sabon lasisin ƙananan makamai. A 2021 gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar daƙile yaɗuwar ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, a watan Yunin 2024 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar da ta ba ta ƙarfi. Ƙasa tana ƙoƙarin tattara makamai ne daga hannun jama'a.

Na san abin da wasu za su kawo. Za su ce ai Gwamna Aminu Masari na Katsina a 2021 ya ce mutane su tashi su kare kansu, Gwamna Bello Matawalle na Zamfara a Yunin 2022 ya ce a nemi lasisi a sayi bindiga. Gaskiya ne sun faɗa. Amma a tuna, cikin 'yan kwanaki Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan ikon. Jawabin gwamna ba ya soke dokar tarayya, kuma ranar da aka gurfanar da kai ba gwamna ne zai shiga akwatin kotu ba. Mai gonar da ya ba da fili da kafintan da ya buga teburi su ma su shirya amsa tambayoyi, domin mai bincike ba zai ɗauki wurin a matsayin wasan samari ba. A garin da ke bakin iyaka, sansanin horo zai kira shi.

Darasin da ke yamma da mu

Ban raina tsoron da ke zukatan mutane ba. Ana satar shanu, ana ƙwace babura, ana jin labarin garkuwa da mutane, kuma iyakar Najeriya da Nijar mai tsawon fiye da kilomita 1,500 tana da hanyoyin rairayi da ba a iya ƙirgawa. Mutumin da ya ce zai koyi harbi don ya tsare iyalinsa ba mugu ba ne. Sai dai waɗanda suka fara ɗaukar makami a Zamfara su ma da wannan niyyar suka fara.

Masu binciken rikicin, irin su Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, sun nuna yadda abin ya kankama wajen 2011. Satar shanu da fashi suka yi yawa, hukuma ta yi sanyi, jama'a suka kafa 'yan sa-kai. 'Yan sa-kai suka fara da ɓarayi, suka zarce zuwa duk wanda aka nuna musu da yatsa, har ana kashe Fulani a tsakiyar kasuwa ba shari'a. Waɗanda aka kashe wa dangi suka sayar da shanu suka sayi bindigogin da suka fi adaka, a daidai lokacin da makaman Libiya suka bazu a Sahel bayan faɗuwar Gaddafi. A Afrilun 2014 'yan bindiga suka afka wa taron 'yan sintiri da mafarauta a 'Yargaladima ta ƙaramar hukumar Maru, suka yi kisan da har yau ake ambato. Zuwa Mayun 2020, ƙungiyar International Crisis Group ta ƙiyasta an kashe fiye da mutum 8,000 a Arewa maso Yamma, fiye da 200,000 sun bar gidajensu, dubbai sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi. Babu ƙauyen da ya tsira don ya riga maƙwabcinsa sayen bindiga. Kowane ɓangare ya ga makamin ɗaya ɓangaren, ya je ya nemo wanda ya fi shi.

Ku auna yadda makiyayin da ke bin burtali daga Damagaram zai fassara abin in ya ji ƙarar harbi kowace yamma daga bayan wani ƙauyen manoma. Ba zai ce wasa ake yi ba. Zai koma ruga ya ce ana shiri. Haka manomi zai ce in daga ruga ƙarar ke fitowa. Saɓanin da a da bulama da arɗo ke kashewa a gindin bishiya da biyan ɓarna da goro, sai ya zama ana zuwa da abu a ƙarƙashin riga. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, ruwan kuwa a nan shi ne hana bindiga zama abin wasan samari.

A tuna kuma da me ƙasar nan ke ci. Kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis tana tara shanu da raƙuma da dawaki da tumaki daga Nijar da Chadi, fatake na ɗauka har Kudu. Riɗi da zoɓon da ake nomawa a nan suna kai wa ƙasashen waje. Duk wannan a kan zaman lafiya yake tsaye. A Satumbar 2021, da abin ya gagara a Zamfara, gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana jigilar dabbobi, aka katse layukan waya. Katsina ma ta ɗauki irin waɗannan matakan. Dillali da mahauci da direba da mai tallar fura, waɗanda ba su taɓa riƙe bindiga ba, su suka kwana da yunwa.

Ko a zamanin da ƙasar Gumel ke fama da hare-haren Damagaram, lokacin da Sarki Tanimu ya tara bindigogi har ana zuba masa igwa a birninsa, makami na ƙarƙashin sarauta ne, akwai mai ba da umarni, akwai mai amsa laifi. Har yau a hawan salla, masu bindigar fada suna da shugaba, suna da wurin tsayawa, suna da lokacin harbi. Kakanninmu da suka rayu cikin yaƙi ba su sakar wa kowa bindiga ba.

Ga mafarauta

Farauta gado ce mai daraja, kuma maharbi na gaskiya ya fi kowa sanin cewa ba a nuna bindiga inda ba a ga ƙarshensa ba. Amma zamani ya juya, ganin bindiga a hannun Bahaushe ya zama abin zargi. A ƙarshen Maris na 2025, wasu mafarauta 'yan jihar Kano da ke komowa gida daga Fatakwal don yin salla sun faɗa hannun 'yan sintiri a Uromi ta jihar Edo. Aka ga bindigoginsu na gargajiya a mota, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane, aka kashe 16 daga cikinsu. Zalunci ne tsantsa, babu uzurin da zai wanke shi. Sai dai ya nuna irin idon da ake kallonmu da shi. Duk bidiyon da wani yaro zai ɗora yana harbi a kan teburi a wata gona ta Jigawa, zai zama hujja a hannun masu cewa kowane ɗan Arewa ɗan ta'adda ne, kuma 'yan'uwanmu masu neman abinci a Kudu su za su biya. Sarkin Baka, Baba, kai da dattawan sana'ar ku ne za ku fara tsawatawa, domin sunanku za a ɓata.

Nauyin jini

Malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Musulmi ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, ya kuma umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada su taɓa wani. Kibiya ke nan, wadda ake ganin tafiyarta. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya ɗora wa mai kisan kuskure diyya da kaffara, malaman fiƙihu kuma sun bayyana diyyar rai raƙuma 100 ce ko dinari 1,000 na zinariya. Je Maigatari ranar Alhamis ka tambayi kuɗin raƙumi ɗaya, ka ninka sau ɗari, ka ga ko danginka gaba ɗaya za su iya ɗauka. Bayan wannan ga azumin wata biyu a jere, ga kuma haɗuwa da uwar yaron kullum a hanyar rijiya. Cewa "ban yi niyya ba" ba ta ɗauke ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Abin da ya kamata kowa ya yi

Malam kafinta, da kai mai walda: in aka kawo maka hoton teburi mai yankakken gefe da wurin ɗora bindiga, ka tambayi na mene ne. In an faɗa maka, ka ce ba ka yi, ko nawa za a biya. Maƙeri ma haka, kada kuɗin bututu ɗaya ya raba ka da 'ya'yanka shekara goma.

Mai gona: kada ka ba da aron fili don harbi, ko ɗan cikinka ne ya roƙa. In an yi kisa, sunan gonarka za a fara ambata.

Iyaye: in akwai bindigar gado a gida, a raba ta da albarushi da harsashi, a kulle kowanne daban, makulli na hannun maigida. Ku san inda 'ya'yanku ke zuwa da yamma, ku san abin da suke kallo a waya. A kuma daina harbin sama a biki da suna da murnar zaɓe, domin abin da ya hau sama zai sauko, kuma ba ya zaɓen kai.

'Yan sintiri: aikinku na da amfani matuƙar yana ƙarƙashin hukuma. Ku yi rajista, Baturen 'yan sanda na yankinku ya san sunayenku da abin da kuke riƙe da shi. In horo kuke buƙata, ku nema ta hannun ƙaramar hukuma a kai ku inda jami'an tsaro ke da filin da aka tanada. Katsina a Oktoban 2023 da Zamfara a Janairun 2024 sun kafa rundunonin tsaron al'umma na jiha, aka tantance su, aka horar da su, aka ba su kaki da albashi, bayan sun ɗanɗana kuɗar barin kowa ya yi gaban kansa. Wanda kuka kama, ku miƙa shi ga 'yan sanda da ransa da lafiyarsa.

Bulama da dagaci da hakimi, ranku ya daɗe: ku ne idon Mai Martaba Sarkin Gumel a ƙauyuka. Ƙarar bindiga ba ta ɓuya a ƙasa irin tamu. In an ji ana maimaita harbi a wuri ɗaya, a aika a gani a ranar, a kira iyayen yaran, a rushe abin da aka kafa, a sanar da hukuma. Limamai su sa maganar a huɗuba kafin lokacin farauta ya kama.

Gwamnatin Jigawa da shugabannin ƙananan hukumomin nan huɗu: mutane ba sa neman makami sai sun yanke ƙauna daga hukuma. A ƙara jami'ai a garuruwan bakin iyaka, a amsa kira in an kira, a hukunta ɓarawon da aka kama a gani. A ƙarfafa hukumar sasanta manoma da makiyaya, a fitar da burtali da makiyaya da mashaya fili. A buɗe ƙofar da mai bindiga marar lasisi zai miƙa ta ba tare da fargaba ba, a kuma zauna da maƙera a san su, a tallafa musu su tsaya kan kayan noma.

In kuwa tsautsayi ya riga ya faɗa, kada a tsaya neman wanda ya yi harbin. A danne raunin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a saki. Kada a tono harsashi, kada a zuba toka ko garin magani. A garzaya asibiti mafi kusa, domin rauni mai tsanani sai an wuce da shi Dutse ko Kano, tafiya mai nisa ga mai zubar da jini. Dokar da aka sa wa hannu a 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi wanda aka harba nan take ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Ɓoye mai rauni a gida don tsoron hukuma yana mayar da jinya ta zama jana'iza.

Duk wanda wannan gargaɗi ya iske, ya kai shi majalisar da yake zama, ya karanta wa wanda bai iya karatu ba, ya faɗa wa mai unguwarsa. Wanda ya san inda aka fara irin wannan taro, ya kai magana yau, kada ya jira sai an yi rasuwa ya ce da ma ya sani. Allah Ya tsare ƙasar Gumel da Jigawa baki ɗaya, Ya kawo wa 'yan'uwanmu na Zamfara da Katsina da Sakkwato ƙarshen abin da suke ciki. Amin.